Gwaji na Sha Tara

Ranar Litinin da hantsi Auta ta buɗe ɗaki na sha ɗaya a cikin kwamfutarta, ta sa masa suna gwaji11, don sunaye masu ma'ana sun ƙare mata tun a na huɗu.

Ba ɗakin bulo da siminti ake nufi ba. Wani keɓaɓɓen wuri ne da ake yankewa a cikin kwamfuta, a zuba wa aiki ɗaya kayansa shi kaɗai, don kada kayan wannan aiki su shiga ƙafar na wancan. Waɗanda suka ƙirƙiro shi suna da nasu dogon sunan, amma a sashen binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa kowa ɗaki yake cewa, domin haka Farfesa ke faɗa, abin da Farfesa ya kira abu kuwa shi ne sunansa har abada. Ita kanta Auta haka ta samu nata. A gidansu ita ce ta uku cikin bakwai, amma ita ce ta biyar kuma ta ƙarshe a ɗaliban digiri na uku na Farfesa, shi ke nan suna ya bi ta. Shekararta arba'in ba ɗaya, 'ya'yanta uku, amma har mai sharar sashen Auta yake ce mata.

Shekara bakwai ke nan tana aikin digirinta na uku a kan tambaya ɗaya. Gabashin birnin unguwanni ke ta tsirowa, kowane gida da rijiyar burtsatsensa, to ruwan da ke ƙarƙashinsu shekara nawa zai kai kafin ya ƙafe? Ta auna rijiyoyi sittin da biyu, ta ba manhajar Farfesa alƙaluman, manhaja ta ce shekara talatin da tara. Ta kare aikin a gaban kwamiti ta tsallake. Sai mai jarrabawa na waje, wani dattijo mai irin ladabin nan da ke gajiyar da mutum, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, abu ɗaya ne kawai, a ƙara awon shekara biyun baya-bayan nan a sake lissafin. Aka ba ta wata uku. Wa'adin zai cika ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, tare da shi kuma shekarunta bakwai za su cika. An riga an ƙara mata lokaci sau biyu, ɗaya na haihuwa, ɗaya na jinyar mahaifiyarta. Dokar makarantar ba ta san na uku ba.

Aikin yini ɗaya ne, da a ce ɗakin Farfesa na nan. Shekara goma sha ɗaya sashen na da ɗaki guda tak, a cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar ofishinsa, lulluɓe da tsumma. An manna mata takarda da rubutun hannunsa: kada a sabunta komai. Ɗalibansa biyar duk a nan suka yi lissafinsu, layi-layi, kowa ya zo da alƙalumansa ya zuba ya kwashi amsa ya yi godiya. Babu wanda ya taɓa tambayar me ke ciki. Sati biyu bayan kare aikinta Farfesa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Sati guda bayan nan faifan tsohuwar kwamfutar ya yi wani ƙara kamar ana taunar tsakuwa, ya mutu. Sai da sashen ya yi sati tara yana rubuce-rubuce kafin a ba ta sabuwa.

Manhajar kanta ba ta ɓata ba, tana da kwafinta. Sai dai ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana jingine da manyan ƙunshi uku, wato guntayen manhajoji da wasu bayin Allah a wasu ƙasashe suka rubuta suka saki kyauta, na lissafi da na taswira da na ruwa. Kowannensu yana jingine da wasu goma, goman nan ma kowa da nasa goman, kuma kowane ƙunshi siga-siga ne, ta bana daban ta bara daban. Ƙunshin ruwa tsoho ne, mai shi ya daina waiwayarsa tuntuni, ya kuma kafe ba zai zauna da na lissafi ba sai in sigarsa ba ta kai ta biyu ba. Na taswira shi kuma ya ce in ba ta biyu zuwa sama ba, a kai kasuwa. Auta ta danna maɓalli, baƙin allon ya yi ta zubo rubutu na minti ashirin yana neman yadda zai sasanta su, daga ƙarshe ya yi jajir.

Ta ja tsaki, ta ɗauki kwamfutar ta sauka ƙasa wajen Injiniya.

Injiniya ba injiniya ba ne, kuma shi ne farkon mai faɗa maka haka. Ma'aikacin kula da kwamfutocin ginin ne, mai furfura a gemu, ofishinsa ƙarƙashin matakala, cike da matattun firintoci da ya hana a zubar. Yana shan shayi ta shigo.

"Auta, na nawa ne yau?"

"Sha ɗaya."

"Ashe da saura. Ni na taɓa kai talatin." Ya jawo mata kujera da ƙafa. "Me ya ce?"

"Abin da ya saba cewa. Ja kawai."

"Ba ja na tambaye ki ba. Ku masu ilimin nan da kun ga jan rubutu sai ku rufe ido. Karanta daga ƙasa ki hau sama. Na ƙarshen shi ne kukan, na sama shi ne wanda ya yi dukan."

Ta karanta. Ya saurara yana kaɗa cokali a kofi.

"Kin ga matsalarki, kina barin na'ura ta zaɓa miki. Ita kuwa sabo kawai ta sani. Wane ne ya fi kowa tsufa da taurin kai a cikinsu?"

"Na ruwa."

"To shi za ki fara zaunarwa. Ki ba shi abin da yake so, ki rubuta lambar sigar a fayil ki kafe ta, kada komai ya motsa ta. Sannan ki koma baya ki nemo na taswira na zamaninsa. Kuma duk wanda ya lalace kada ki tsaya lallaɓa shi, rushe shi ki buɗe sabo."

"Injiniya, Alhamis fa."

"Na sani. Duk ginin nan wa bai sani ba?"

Haka ta yi. A na sha biyu ƙunshin ruwa ya zauna lafiya, ya samu tsohon na lissafinsa. A na sha uku ta gano tsohon na taswira ba ya jin sabon yaren rubuta manhaja da aka girka a kwamfutar, sai yaren shekara goma da suka wuce. A na sha huɗu ta samo tsohon yaren, sai ya nemi wani ɗan guntun abu da aka sauke daga rumbun intanet tun ba a haifi ƙaramar 'yarta ba. Ta ga maganarsa a wani dandali, a ƙarƙashin tambayar wani mutum da ya yi irin kukanta shekara shida baya. Mutumin ya dawo ya rubuta cewa ya gyara, ya gode, bai faɗi yadda ya yi ba. Auta ba mai zagi ba ce, amma ranar ta yi masa addu'ar da ba za ta so 'ya'yanta su ji ba.

Da Talata ta yi, haƙurinta ya ƙare. Akwai wata 'yar kalma da in ka ƙara a ƙarshen umarni, na'ura za ta girka komai da ƙarfin tsiya ba tare da ta tambayi wa ke son wa ba. Injiniya ya hana ta, ta kuma ji shi sarai, amma a gwaji na sha shida ta rubuta kalmar. Komai ya shiga sumul, babu ja ko ɗigo. Har ta fara murmushi. Ta kunna manhajar, ta yi daƙiƙa huɗu tana aiki, ta mutu ba ko sallama. Auta ta kifa kai a kan tebur ta daɗe a haka. Ba kuka take ba, kukan ma ƙarfi yake so. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta, ta shekara bakwai, ta rijiyoyi sittin da biyu, ta amsa tambayar dangi kullum cewa wai har yanzu ba a gama karatun nan ba?

Ta ɗago ta rushe na sha shida. Na sha bakwai ya faɗi a kan wani abu da sai an harhaɗa shi da hannu. Na sha takwas ya faɗi saboda ita da kanta ta rubuta takwas a inda ya kamata ta rubuta uku. Wajen ƙarfe uku da rabi na yamma, gwaji19 ya karɓi ƙunshi arba'in da bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa a kafe, ya tsaya shiru yana jiran umarni. Ba ta yarda ba sai da ta kunna manhajar ta ga ta buɗe da gaisuwar da Farfesa ya rubuta mata a saman allo.

Ta kira Injiniya a waya, ya hawo da kofinsa.

"Madalla. Kafin ki yi komai, adana fayil ɗin lambobin nan wuri uku."

"Na adana. Bari in zuba sabon awon."

"A'a. Tsohon za ki fara zubawa, wanda kika san amsarsa. In ya ba ki abin da ya ba ki da, to ɗakin ya yi daidai. Nawa ne ma?"

"Talatin da tara."

Ta zuba tsohon. Suka zauna suna kallon ɗan layin da ke cika a hankali. Minti goma sha takwas ya ɗauka, sannan amsa ta fito: shekara goma sha biyu.

"Wani abu bai zauna daidai ba," in ji Auta.

"Zai yiwu."

Ta sake. Sha biyu. Ta duba fayil ɗin awon ko ta ɗauko wani daban, shi ne. Ta gaya wa kanta siga ce, wata lamba ce ta kuskure a cikin arba'in da bakwai ɗin nan, gobe za ta gano ta.

Injiniya ya sosa gemu. "Mataccen faifan nan yana wajena. Na daɗe ina lallaɓa shi, ya ba ni 'yan tarkace. Ban ce miki komai ba don ban so in sa miki rai. Gobe ki zo mu duba ko ƙunshin ruwa na cikin abin da ya tsira."

Yana ciki. Laraba da safe suka ajiye na Farfesa da wanda ta sauko da shi gefe da gefe. Siga ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗari biyu da sha huɗu kowanne. Injiniya ya sa na'ura ta gwada su layi-layi. Fayil ɗari biyu da sha uku ba su bambanta ko da waƙafi ba. A cikin na ƙarshen, wanda ke karanta yadda ruwa ke ja da baya a rijiya, na Farfesa ya fi da layi ɗaya. Layin yana ɗaukar kowane awo ya ninka shi da 0.3048. A gefensa akwai 'yar sanarwa irin wadda mai rubuta manhaja ke bar wa kansa: na wucin gadi, igiyar awon Babba da ƙafa take, a cire in ya gama. Kwanan watan shekara goma sha ɗaya ne baya.

Auta ta karanta sau uku. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Babba shi ne ɗalibin Farfesa na farko. A zamaninsa sashen na da tsohuwar igiyar awo mai alamar ƙafa, ƙunshin kuwa mita ya sani. Maimakon a zauna a juya dubban alƙaluma, Farfesa ya shiga can cikin cikin ƙunshin da ba nasa ba ya dasa layi ɗaya, aikin minti biyu. Babba ya gama lafiya, lissafinsa daidai. Shekara ta zagayo aka sayo sababbin igiyoyi masu mita. Layin yana nan, an lulluɓe shi da tsumma an rubuta kada a taɓa. Duk wanda ya biyo baya, mitarsa aka ɗauka a matsayin ƙafa, ja da bayan ruwansa ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Su huɗu ke nan har da ita. Kuma da yake amsoshinsu sun yi ta dacewa da juna, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa a matsayin shaida.

Sai yanzu ta tuna yawan gidajen da ta koma ta tarar an ƙara wa rijiya zurfi, masu gida na ƙorafi, ita kuma tana rubutawa a littafinta cewa matsalar famfo ce.

"To," in ji Injiniya, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗakinki lafiyarsa ƙalau. Nasa ne ba shi da lafiya."

"Da ban ji maganarka ba. Da sabon awon na zuba kai tsaye."

"Da kin ga sha ɗaya ko goma, ki zo nan kina kuka. Duk ɗaya ne."

"Me zan yi?"

"Ni na ƙarƙashin matakala ne, Auta. Wannan ta sama ce."

Ta hau sama. Shugaban sashe mutum ne mai kirki wanda kujera ta koya wa tsoro. Ya saurare ta har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo.

"Wa ya sani?"

"Ni da Injiniya."

"In kika sa sha biyu, babi nawa ne za su tsaya?"

"Na ɗaya da na biyu. Taswira arba'in duk sai an sake. Shawarwarin da na bayar kuwa juyewa za su yi gaba ɗaya, na ce ana iya ci gaba da haƙa."

"Kuma sai kwamiti ya sake zama. Ba aikin kwana ɗaya ba ne, ba na wata uku ba ne." Ya murza idanunsa. "Ki saurare ni, ƙanwata. An ce ki sake lissafi da manhajar da kika yi na farko. Manhajar da kika yi na farko tana da layin nan. Ki mayar da shi, ki miƙa gobe, ki karɓi abinki. In ƙura ta lafa, sai mu zauna mu rubuta gyara a tsanake, da sunanki a sama. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Jinkiri ne."

"Kwafi ɗaya hukumar ruwa ake kai wa, ranka ya daɗe. Da shi suke ba da izinin haƙa."

"Hukumar ruwa ta karanta kundi? Yaushe?" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Kuma ki tuna bawan Allahn nan yana kwance. Mutum uku na can suna cin abinci da takardun da suka fito daga kwamfutar nan. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin, kuma gaskiya ita ce ba ta daɗe tana yi ba. Maganarsa ta shige ta don tana son ta shige ta. A gida maigidanta ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa ranar Alhamis za a gama, babbar 'yarta kuma ta fara kiranta Dakta in tana son a bar ta ta fita. Alhamis da sassafe Auta ta buɗe fayil ɗin a cikin gwaji19, ta rubuta layin da hannunta. Bai kai minti ɗaya ba. Ta zuba tsoho da sabon awo, amsa ta fito talatin da takwas, kyakkyawa, mai kama da gaskiya. Ta sauya alƙaluman jadawali, ta buga, ta kai aka ɗinke. Da ta wuce ta ƙofar Injiniya bai ɗago ba, ita ma ba ta tsaya ba.

Saura abu ɗaya, sa hannun mai duba aiki a takardar miƙawa.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta isa gidan Farfesa. Mama, matarsa, ta tare ta a ƙofa ta riƙe mata hannu biyu.

"Autarmu. Tun safe yake tambaya. Kin san sati uku ke nan yana koyon sa hannu da hagu saboda ke? Ya cinye mini littafin rubutu guda. Shigo ki ga yadda ya sa aka shirya shi."

An zaunar da shi a falo kusa da taga, an sa masa riga mai guga, an ɗora masa katako a kan hannuwan kujera ya zama tebur. Ya rame. Gefen bakinsa na dama ya sauka, hannun daman na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Amma idanun nan suna nan, waɗanda suka shekara talatin suna mayar da ɗalibai gida saboda ɗigo ɗaya da ya zauna ba a wurinsa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da kai. Mama ta sa masa biro a hagu, Auta ta shimfiɗa takardar, ta nuna masa wurin da yatsa.

Bai kalli takardar ba. Ita ya kalla. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Nawa?"

Amsar na bakinta, an ma buga ta a shafi na ɗari da casa'in. Ta buɗe baki ta ji ba za ta iya ɗaga ta ba. Ba jarumtaka ba ce, kada a yi mata ƙarya. Ta gaji ne kawai, gajiyar da ba ta bar mata ƙarfin riƙe abu biyu a kai ba.

"A kundin talatin da takwas ne, Baba. A gaskiya sha ɗaya ne. Da tsohon awon sha biyu."

Ya ɗaga gira ɗaya, wadda ke ɗaguwa. Ta buɗe kwamfutar a kan katakon, ta ƙara girman rubutun, ta nuna masa layin da sanarwar da ke gefensa. Ta yi bayani a taƙaice, duk da ta san tun daga kalmar igiya ya riga ta isa. Ya karanta rubutun kansa a hankali, leɓensa na motsi. Mama na tsaye a bayansa tana duban wannan tana duban wancan.

"Lafiya dai? Wani abu ya lalace ne?"

Hawaye ya gangaro wa Farfesa ta idon dama, inda ba ya ji, ya sauka a kan rigar mai guga bai sani ba.

"Ƙarfe... nawa?"

"Huɗu suke rufewa."

Ya ture kwamfutar da bayan hannu, ya jawo takardar gabansa, ya daidaita biron. Ta gane abin da yake yi. Ya san abin da ke cikin kundin, ya san ƙarya ne, zai kuma sa sunansa a kai saboda ita, don laifin nasa ne, shekarun kuwa nata. Bakin biron ya taɓa takarda yana rawa, ya yi ɗan ɗigo shuɗi.

Auta ta sa yatsu biyu ta zare takardar daga ƙarƙashinsa. Ta ninke ta biyu ta sa a jaka.

"Bari, Baba."

"She... kara... bakwai."

"Na sani. Ni na yi su."

Ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, ta kuma ji haushinsa, haushi sosai, na minti biyun da ya yi wa kansa sauƙi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ba ta ɓoye ba, shi ma bai kau da kai ba. Mama ta zauna a hannun kujera a hankali, ta fara fahimtar cewa yau babu abin da za a miƙa.

Farfesa ya saki biron ya gangara ƙasa. Ya ɗaga hannun hagu ya miƙe yatsu uku.

"Sauran," in ji Auta.

Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen matarsa. "Waya."

"Yanzu? Ka bari ka huta, likita ya ce..."

"Waya."

Ta kawo. Ya gwada latsawa da babban yatsa, sunaye suka yi ta gudu sama da ƙasa, ya kasa tsayar da ko ɗaya. Auta ta karɓa. Ta nemo sunan wanda ya biyo bayan Babba, wanda yanzu shi ma farfesa ne a wata jami'a, da ɗalibansa da ke gina nasu aikin a kan nasa. Ta nuna masa, ya gyaɗa kai.

"Ba zai gane maganarka sosai ba, Baba."

"Ni... zan fara. Ke... ƙarasa."

Ta latsa, ta matso da kujerarta, ta kara masa wayar a kunnen hagu ta riƙe. Can ta ji muryar mutumin ta fito da murna, yana cewa Baba, Baba ne da kansa, ashe jiki ya yi sauƙi haka? Farfesa ya ja numfashi ya fara haɗa kalmar farko.